Falmaran mai huhu biyu

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da girmamawa. Ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka, Allah ya ƙara maka lafiya ya sa albarka a nemanka. Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har tana fita tsakar gida ba sanda. Baba yana nan da rediyonsa da faɗansa, wanda ka san alamar lafiya ce. Ka yi haƙuri da rubutuna, hannuna ya fi sabawa da almakashi.

Bayan haka, Yaya, na rubuto ne don in ba ka labarin abin da na gani ranar Laraba da safe a shagona na ƙofar gida, saboda na san maganar ƙanwarmu Auta ta tsaya maka a rai. Ka tuna sau biyu tana faɗuwa jarrabawar sassan baya da ƙirji a makarantarsu ta likitanci, kuma an ce in ta faɗi ta uku sai ta maimaita shekara. Ita kuwa ta riga ta ce wa Inna gara ta bar karatun gaba ɗaya. Na zaunar da ita na tambayi inda gizo yake saƙar. Ta ce su goma sha biyu ne a kan gawa ɗaya da ake koya musu da ita, ga ta gajeriya, ga maganin da ake jiƙa gawar da shi yana sa ta hawaye, don haka bayan da ta fi gani a ɗakin shi ne na 'yan ajinsu. A littafi kuma komai a shimfiɗe yake, ba ta gane wace tsoka ce a sama, wace ce a ƙasa.

Na karɓi littafin na yi sati ina kallonsa tsakanin ɗinki da ɗinki. Ban iya karanta sunayen ba, amma hotunan ba su yi mini baƙunta ba. Na ga ashe bayan mutum kamar riga ce mai shafi uku, kowane ƙyalle da inda zarensa ya nufa. Sai na tattara ragowar yadi masu ratsi na ɗinka falmaran daidai jikina. Na yanka babbar tsokar da ta taso daga ƙeya ta baje kan kafaɗu, da wadda ta taso daga ƙugu ta shige hammata, da ƙananan da ke riƙe allon kafaɗa da ƙashin baya, na sa musu maɓallai yadda za a ɗaga ta sama a ga ta ƙasa. Haƙarƙari sha biyu kowane gefe na yi su da farar igiya. A ciki na laƙa huhu biyu na jan yadi. Kullum in tuɓe riga in sa falmaran ɗin in tsaya gabanta, Inna tana cewa ai ranar wanka ba a ɓoye cibi. Amma Auta sai ta taɓa nan ta taɓa can, ta wuce abinta. Ban matsa mata ba, sannu ba ta hana zuwa.

To ranar Larabar, jajibirin jarrabawa, ta biyo ta shago a hanyarta ta makaranta. Na sa falmaran ɗin, ta buɗe gaban har ciki, wanda ba ta taɓa yi ba. Sai na ga ta haɗe gira. Ta ce wane ne ya ce mini huhun hagu kashi uku ne. Ka san aikinmu, Yaya: tela ba ya yanka hannun riga sau biyu, ninka yadi yake yi ya yanka sau ɗaya. Haka na yi wa huhun, na duba na dama a hoto, na ninka, na yanke. Ta ce na dama ne mai kashi uku, na hagu biyu gare shi, kuma yana da ɗan lotsawa inda ya ba zuciya wuri, ni kuwa na ɗinka mutumin da ba shi da wurin ajiye zuciya. Ta ɗauki allina ta zana, ta fizgi almakashi ta gyara da hannunta. Daga nan bakinta ya buɗe. Ta ce ratsin tsokar da ke tsakanin haƙarƙari ma na juya shi, na waje ya kamata ya gangara kamar mai sa hannu a aljihu. Ta juya ni kamar 'yar tsana, tana ɗaga ƙyalle tana faɗin sunansa da aikinsa, ba ta duba littafi ko sau ɗaya ba. Ina tsaye hannuwa a sama har suka yi tsami, ban yarda na sauke ba don kada ta tsaya.

Ranar Alhamis ta shiga. Ta ce malamin yana soka fil a jikin gawa, ka faɗi abin da ya soka kafin a kaɗa ƙararrawa ka matsa teburi na gaba. Jiya sakamako ya fito, ta ci. Ba ita ce ta ɗaya ba, amma ta wuce da sarari, kuma maganar barin makaranta ta mutu. Yanzu 'yan ajinsu huɗu suna son a ara musu falmaran ɗin, Baba ya ce su ara har da mai sanyawa, a huta da shi a gida.

Ka gaida mini da matarka da yara, da Kawu in kun haɗu, da Gwaggo Babba. Inna da Baba suna sa maka albarka. Na san za ka ce na ƙara gishiri, don kai ka san Auta ko sallama ba a jin muryarta. To ba ni kaɗai na gani ba. Mai gyaran takalmi na jikin shagona yana wurin, da mai wanki da ya zo karɓar kaya ya tsaya da ƙunshinsa a ka, da Inna kanta, wadda ta leƙo ta ji wa ake wa faɗa. Ka tambaye ta.

Naka har kullum,
Ƙaninka, Tela