Dalma a Gwangwanin Baba

Baba,

Gaisuwa da addu'a, Allah ya sa kana cikin rahama. Na san babu mai kai maka wannan takarda, ba kuma za ka taɓa karanta ta ba. Amma in ban faɗa maka ba, wa zan faɗa wa? Inna ta ce in bar wa Allah. Na bar masa, amma ai bai hana ni magana ba.

Gida lafiya. Gero ya yi kyau a gonarka ta Tsibiri, ƙanena Sani ya kawo dammunan. Inna ta fara cin abinci kaɗan kaɗan. Tabarmarka tana nan a zaure, ba wanda ya iya naɗe ta.

Gwangwaninka na tsofaffin kuɗi ni aka ba, don ba mai so. Anini mai huji, tamma ta zamanin Faransa, da manyan liyarin azurfa masu hoton matar nan mai ƙiba da kake kira Uwargida. Ka tuna yadda nake maka tsiya, wai ka tara kuɗin da ko ƙosai ba za su saya ba? Abin da ban taɓa gaya maka ba, ina tsiyar ne kunnena na wurinka. Duk lokacin da ka saki liyari kan dutsen niƙan Kaka ya yi kukan nan siriri mai tsawo, har cikin ɗaki nake jin daɗinsa. Kai ka koya mini cewa azurfa tana da harshe, dalma kuwa bebiya ce.

Kewarka ce ta sa na ɗauko dutsen, ina son in sake jin kukan. Na saki na farko, sai ɗif, kamar an yar da gyaɗa. Na saki na biyu, haka. Baba, duka bebaye ne. Na goga ɗaya a farar takarda ya bar baƙin layi. Na duba cikin gashin Uwargida, ga jan yumɓu maƙale, irin na tukwanen Jiratawa. An danna naka na gaske a yumɓu ne aka fitar da siffarsa, aka zuba dalma, aka shafe ta da fari.

Wa ke zuwa maka daga Jiratawa kullum da la'asar? Wa ka ce kada a ɗora shayi sai ya iso? Malam Ilu, amininka, wanda muka tashi muna durƙusa masa. Shi kaɗai ka yarda ya taɓa gwangwanin. Inna ta ce bayan ciwo ya toshe maka kunne, ido ya yi hazo, sai ya riƙa ɗaukar liyari ɗaya ɗaya wai zai wanke maka da toka da lemun tsami, washegari ya dawo da shi yana ƙyalli. Ashe jira yake kunnenka ya mutu.

Abin da ya fi ci mini rai, Inna ta ce har ƙarshe kana sakin su kan dutsen. Sai ka dubi fuskar Ilu, ya gyaɗa maka kai alamar liyarin ya yi kuka, kai kuma ka yi murmushi. Ita ta ɗauka tausayi ne na abota, tana ba ni labari tana sa masa albarka. Ka ara kunnensa, Baba, ya ba ka jabu. Da ina gida lokacin, wallahi da bai kai na biyu ba.

Kada ka ce zato nake. Na je suna Jiratawa, na ga liyarin Kaka na cikin gwangwaninka, mai ɗan tsaguwar nan a baki, rataye a wuyan matarsa. Na gaishe ta har ƙasa, na ci tuwonsu, na hau kabu-kabu na dawo Sabon Gari haƙorana a cije. Ranar jana'izarka kuwa ya fi kowa share hawaye.

Na san halinka, da kana nan cewa za ka yi a rufa masa asiri. Kai ke nan, ni ban gaji wannan ba. Ranar sadakar arba'in zai zo ya zauna sahun gaba. Ba zan ɓata maka addu'a ba, zan bari a shafa fatiha. Sannan in ajiye dutsen a bakin zaure, gaban 'yan fadarku duka, in saki kuɗin dalmar ɗaya bayan ɗaya. Su kunnensu lafiya lau. In ya iya, ya gyaɗa musu kai. Rana dubu ta ɓarawo, ai ya sha tasa.

Guda ɗaya zan ɓoye. Ran da tasa mutuwar ta zo, aka shigo gida gida ana roƙon a yafe masa, ba zan ce uffan ba. Zan ɗauko dalmar in sake ta kan dutsenka. Abin da ta faɗa, shi ne amsata.

Ka huta lafiya, Baba. Allah ya haskaka kabarinka, ya buɗe maka kunnenka a can.

'Yarka da ke saurare,
Rabi