Hula Mai Ruwan Ɗorawa a Layin Dokta

Masaukin wakilai, Kaduna
Alhamis

Zuwa ga uwargida Safiya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Maimuna, da Baba, da duk mutanen gida a Unguwar Rimi. Bayan haka, kwana biyu ke nan an killace mu a otal kamar kajin Sallah, wai kada mutanen Alhaji Maliki su zo su yi cinikinmu. Ni da nake sayar da taya a Kawo shekara goma sha biyar, ni za a tsare wa ciniki.

Jibi Asabar jam'iyya za ta tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa. Su uku ne: mahaifinki, da Maliki ɗan kwangila, da Dokta Tijjani wanda ko matarsa ba ta yarda zai ci ba. Babu akwati, babu ƙuri'ar ɓoye. Kowa zai tsaya layi a bayan hoton gwaninsa, a ƙirga kawuna. Na ƙarshe a zagayen farko ya fita, sauran biyun su sake karawa.

To ga dabarata, kuma ki riƙe ta a cikinki. Baba ba ya tsoron zagayen farko, layinsa zai fi na kowa tsawo. Maliki ne ƙaya. Idan na ja wakilai goma sha ɗayan da ke jin maganata muka tsaya wa Dokta, Dokta zai haye Maliki, Maliki ya faɗo. Zagaye na biyu mu dawo gida, Baba ya haɗiye Dokta ko ruwa bai nema ba. Ban gaya masa ba, kin san shi. Tsohon babban sakatare, mai ra'ayin riƙau tun kafin a yi jam'iyyar, zai gyara tabarau ya ce, "Isma'ila, wannan ai munafunci ne da lissafi." Duk duniya Ila ake ce mini, har direbobin tasha, shi kaɗai ke ba ni sunana cikakke tun ranar da ya ba ni ke.

Zan sa hular nan mai ruwan ɗorawa da ya ba ni ranar ɗaurin aurenmu, don sa'a. Ki fara koyon ɗaurin ɗankwalin 'yar shugaban ƙasa.

Na bar ki lafiya.
Naki, Ila

Unguwar Rimi
Talata

Baban Maimuna,

Ina gaishe ka, da fatan ka koma Kawo lafiya. Mu nan sai godiya.

Ƙuri'a huɗu. Da wannan 'yar tazara Baba ya faɗi a zagayen farko, Dokta ya haye shi, Maliki ya cinye na biyu. Ka fi ni sanin lissafin.

Ina zaune a bayansa a rumfa lokacin da aka ja layi. Ka san yanar idonsa, daga nesa ba ya ganin fuska, launi kawai yake gani. Ya duba layinsa ya sake dubawa. Sai ya juya wajen layin Dokta, ya daɗe, ya ce, "Safiya, waccan ba hular Isma'ila ba ce?" Na ce rana ta hana ni gani. Ya ce, "An sace masa ita a otal ke nan. Allah wadaran wannan siyasa, har hular mutum."

Tun ranar maganar ke nan. Gidan da aka rasa wurin aje takalmi makon jiya, yau ko mai kawo jarida sai ya yi sallama sau biyu kafin a amsa. Baba bai yi kukan takara ba. Duk wanda ya zo jaje, labarin hularka yake ba shi, su kuma su sunkuyar da kai don sun gan ka da idonsu. Jiya Yaya Ado ya buɗe baki zai faɗa masa gaskiya, Baba ya ce ya tashi ya ba shi wuri.

Kullum bayan la'asar yana sa a fitar da kujera biyu. Me ya hana ka zuwa?

Ka huta lafiya.
Safiya

Kawo
Laraba

Safiya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na karanta takardarki a shago, wani mai tifa yana tsaye yana tayin taya, na ce masa ba na sayarwa ba ne. Ya duba ni kamar na zare.

Lissafina bai yi ƙarya ba, mutane ne suka yi. Ashe Maliki ya riga ya janye wasu daga layin Baba tun a otal, ni ina can ina auna layi da tsawon jiya. Da na hango abin da ke faruwa an riga an ja igiya, ba a canja layi. Mai ƙirga ya zo ya dafa kaina, ya dafa hular, ya ce ɗari biyu da shida. Har yanzu ina jin hannunsa.

Sau biyu na hau tasi zuwa wajenku. Na farko na sauka a Unguwar Kanawa na dawo da ƙafa. Na biyu na kai har bakin layinku na hango kujerun. Labarin yana bakina a shirye: ɗaki mai lamba kaza, na shiga wanka, na fito babu hula. Har sunan ɓarawon na tanada. Kin san ni, na sayar wa mutum tayar da ta zagaye Nijeriya sau uku ya tafi yana sa mini albarka. Baba da kansa ya yi mini rabin cinikin, saura in ce na sallama.

Amma zai kama hannuna ya ce, "Sannu Isma'ila, Allah ya mayar da alheri," ni kuma in ce amin. Wannan amin ɗin ce ta ƙi fita. Kuma ke kina tsaye da butar shayi kina jina.

Ga takarda a ciki zuwa gare shi, layi biyar ce, babu ado. Na ce ni ne a ƙarƙashin hular, ni na ja mutum goma sha ɗaya, don shi na yi, kuma ni na kayar da shi. Ke za ki karanta masa tunda idon ya ƙi. Idan kin ga ki yaga ta, ba zan taɓa tambaya ba. Ki shafa mini kan Maimuna.

Mijinki, in har yanzu,
Ila

Unguwar Rimi
Jumma'a

Baban Maimuna,

Ina gaisuwa. Kwana ɗaya takardar ta yi a ƙarƙashin faranti kafin na iya. Jiya bayan la'asar na zauna a kujera ta biyun na karanta masa, ban rage ko harafi ba.

Bai yi faɗa ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya ce, "Ai ni na zaɓi launin, don in riƙa gane shi a cikin taro." Na tambaye shi ko in ce ka dawo da ita. Ya ce a'a, ka riƙe, rana tana da zafi a Kawo. Sannan ya ce a shigar da kujerar nan ciki kada ruwa ya dake ta.

Ya ba ni saƙo, ya ce in rubuta yadda ya faɗa. Ban taɓa rubuta sunanka da hannuna ba sai yau: "Ki ce wa Ila na gode da ya faɗi gaskiya."

Zan zauna da shi tukuna. Maimuna tana gaishe ka.

Safiya