Gurbin Ɗamarar Wuta

Litinin, 6 ga Oktoba

Ya dawo. Daidai inda ciwon fatar nan da ake kira ɗamarar wuta ya bi bara, daga haƙarƙarin hagu zuwa gadon baya. Wancan ciwon ya ƙone ni sati biyar ya warke, yanzu kuma wasu ƙuraje ne jajaye masu ɓawo suka tare a gurbinsa. Ga ƙaiƙayi! Na sa safar hannu mai kaushi ta cuɗa na dirje wurin da ƙarfi. Shekara ashirin ina yi wa mata cuɗa a gidan wankan haya na Lalla Batul, na san duk abin da ke kan fata dirza ce maganinsa.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Ya kumbura. Likita ta ce ni na tsokano shi da dirza. Wai ba ɗamarar ba ce ta dawo, wani ciwon ne daban ya sami fatar da ta wahala, kuma ba a ɗauka. Ta ba ni man shafawa. Na ce ta zo ta faɗa wa matan unguwarmu.

Asabar, 11 ga Oktoba

Hajja Rƙiya, wadda nake cuɗawa tun tana goyo, ta kwanta a gabana, ta hango gefena, ta miƙe zumbur.

"'Yar uwa, yau Mbarka za ta yi min. Ki huta mana."

In huta! Ni na ce mata na gaji? Mbarkar da ni na koya wa riƙon safa.

Laraba, 15 ga Oktoba

Lalla Batul ta mayar da ni bakin ƙofa, gadin kaya. "Zuhur, ni na yarda da likitarki, amma ido ba ya karanta takarda." Ta ce idan bai warke ba zuwa ƙarshen wata, in nemi wani wuri. Wane wuri? Da kaya a jiki ake wannan sana'ar? Allah ya isa, ban ma san wa nake yi wa ba.

Talata, 21 ga Oktoba

Takalman mutane nake jerawa. Ni.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Wata baƙuwa ta zo, ta daɗe tana kwance ɗankwali. Da ta tuɓe na ga gwiwoyinta da bayanta, fari fat da ɓawo. Ta shiga. Na leƙa: Mbarka ta kauce wa matar, ta duƙufa wanke bokitin da ba datti. Na san wannan bokitin, ni ma na sha wanke shi.

Haushi ne ya tuɓe min riga, ba wani abu ba. Na shiga, na ce, "Kwanta, 'yar uwa." Ta kalli gefena, na kalli bayanta, ba wadda ta tambayi wata. Na ajiye safar, da tafin hannu na yi mata, a hankali.

Lalla Batul ta gani. Gobe ma ji.

Matar ta ce rabon da wani ya taɓa bayanta shekara huɗu. Na ce ta rufe ido, sabulu ne zai shiga.