Kwale-kwalena da Aka Sa wa Zarto

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ni Anwir Sutan Mangkuto, kafinta, nake wannan rubutu da hannuna, da rana tsaka, hankalina a jikina. Na fara da haka ne don na san abin da za ku ce: tsoho ya ruɗe, ciwo ya hau masa kai. Bai hau ba. Likita ya ce zuciyata ce ta gaji, bai ce ƙwaƙwalwata ba. Liman ya karanta takardar ya sa hannu, shi da ƙanwata Rosmaini. Zuwa gare ku ne ku biyu, Desmawati da ƙaninki Yurnalis. Raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba don kawai ana son mai shirin tafiya ya yi laushi.

Na ɗaya. Gida da gonar shinkafa da bishiyoyin kirfa da bakin ruwan da ke bayan gida ba nawa ba ne, ban kuma taɓa cewa nawa ne ba. Na dangin mahaifiyarku ne, daga uwa zuwa 'ya mace, yanzu suna hannun Desmawati. Shekara arba'in da ɗaya na kwana a gidan nan, sau biyu na sake masa rufi, amma baƙo nake a cikinsa kamar kowane miji a bakin tafkin Maninjau. Abin da hannuna ya samar kayan kafinta ne da kwale-kwale ɗaya. Kayan aikin ku raba yadda shari'a ta ce, in kun ga dama ma ku ba mai gwangwan, ko oho. Kwale-kwalen ne ya sa na ɗauki biro.

Na biyu. Tunda kun manta ko mene ne shi, bari in tuna muku. Tun ba a haife ku ba wani Bature ya zo tafki da wani siririn jirgi na roba, rufaffe, yana zama a cikinsa har ƙugu, da filafili mai baki biyu. Na zagaya abin sau uku, na auna shi da taƙi, na koma gida na sassaƙa nawa da katakon surian, da wurin zaman mutum biyu. Na ƙara masa abin da na Baturen ba shi da shi: rami a gaba da ake kafa sanda a ɗaura zanen kama iska, da gora biyu a gefe da ake ɗaurawa a kwance in an so. Mutanen gari suka sa masa suna makarar Sutan. Wasu daga cikinsu sun zo aron makarar daga baya, na hana.

In iskar la'asar ta sauko daga duwatsu, in kafa sanda in buɗe zane, in isa kasuwar ƙetare ban tuƙa ko sau ɗaya ba. In kifin rinuak nake nema a cikin ciyawar gaɓa, in kwance gorar, ya kutsa inda babu jirgin da ke shiga. Shekarar da ƙasa ta zaftare ta toshe hanyar mota, ke Desmawati kina da shekara tara kika faɗo daga bishiya kika karye a hannu. A cikinsa na kai ki asibitin ƙetare, rabin hanya da zane, da iska ta ɗauke na ƙarasa da filafili. Kin yi amai a gabansa, ni na wanke.

Amma ranar da na fi so ita ce ranar da babu iska ko kaɗan. Wawaye su ce ranar ta lalace. Da sassafe ruwa ya kwanta luf, duwatsu su kifa a cikinsa, kana jin carar zakaran ƙetare kamar a bayan ɗakinka. In bar sanda da zane a gida, mahaifiyarku Yusmaniar ta zauna a gaba da filas ɗin kofi da soyayyar ayaba. In mun kai tsakiya sai ta ce, "Bar tuƙin nan, Sutan, ina za mu?" Sai in ɗora filafilin a cinya mu tsaya. Gidan cike yake da kakarku da ƙannenta, ko tari na yi a ɗaki sai an tambayi Yusmaniar lafiya. A tsakiyar ruwan ne kawai matata take yi mini magana da muryarta ta gaskiya, can muke faɗa, can muke shiryawa, can ma muka zaɓi sunayenku. Shi ne ɗakin da na mallaka a duniya, babu wani.

Na uku. Abin da aka yi mini, zan rubuta shi dalla-dalla don kada wani ya gyara labarin a bayana. Da mahaifiyarku ta rasu, kwanakin zaman makoki suka cika, Rosmaini ta zo da danginmu da tiren ganyen tauna, su ɗauke ni su mai da ni gidan uwata kamar yadda ake yi wa duk namijin da matarsa ta mutu. Al'ada ce, ban zage ta ba. Amma al'adar ta bar ƙofa: 'yar gida tana iya miƙewa ta ce a bar mata mahaifinta. Na zauna a tabarma ina kallonki, Desmawati. Kika ce bari ki duba shinkafa kada ta ƙone. Kika shiga madafa, ba ki fito ba har aka shafa fatiha. Na ɗauki jaka ɗaya na hau tudu, inda ake hango tafkin can ƙasa, ba a taɓa shi.

Kwale-kwale ba ya hawa tudu, don haka na naɗe shi na bar shi a ƙarƙashin gida, tsakanin turakun da gidan yake kansu. Bayan wata shida, mijinki Nofrizal ya jawo shi, ya sa zarto ya datse masa kamu guda daga baya, ya buga katako da ƙusoshin rufi, ya rataya inji, wai zai riƙa kai abinci kejin kifinsa. Zanen iskar da mahaifiyarku ta ɗinka da hannunta ya yanka biyu ya rufe buhuna. Ya kuma riƙa faɗa a wurin mai kofi cewa jirgin da sai ya jira iska ba abin aiki ba ne. Mutumin da ya yi shekara goma sha biyu yana ganina ina fita da filafili! Satin farko injin ya danne bayan, gaban ya ɗaga sama, jirgin ya kife da shi da buhu biyar. An ce mini ya sha ruwa sosai kafin a ciro shi. Na yi ƙoƙarin jin tausayi, ya gagara.

Nofrizal, na san za a karanta maka. Ban gama yafe maka ba, ina kai, liman yana taya ni. Ka dai tuna abin da kake a gidan nan shi nake dā, kuma jakata ba ta fi taka girma ba.

Na huɗu. Kai kuma Yurnalis, kada ka karanta na uku kana gyaɗa kai. Da ka ji labari ka taso daga birnin Padang, ka naushi Nofrizal a gaban ma'aikatansa har haƙori ya fita, ka jefa wa yayarka kalmar da ba zan rubuta ba, ka rantse ba ka sake taka matakalar gidanta. Shekara biyu ke nan ka cika rantsuwar. Ka zo mini kana hura hanci kamar ka ci yaƙi. Ranar farko na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ina dab da kabari ba. Daga rana ta biyu har yau haushinka nake ji fiye da na mai zarton.

Gidan da kake kwana a Padang na wa ne? Na matarka ne, bayanta na 'yarta. Ran da Allah Ya ɗauke ta kafin kai, ko ta gaji da halinka, wa zai zo da tire ya ɗauke ka? Gidan namiji ɗaya ne a ƙasar nan, gidan 'yar'uwarsa, kai kuma ka rufe naka da naushi. Na ga tsofaffin da ba a zo ɗauka ba. Su yi ta zama a gidan surukai ana ajiye musu abinci ba a kallonsu, ƙarshe su kwashe tabarma su koma barandar masallaci. Kai ma ka san biyu daga cikinsu, kuna yara kuna tsokanarsu.

Ni kaina ban fi ka ba. Shekara arba'in da ɗaya ba na hawa tudun Rosmaini sai da Salla, in sha shayi a tsaye. Da ranata ta zo, Rosmaini ta sauko da gwiwarta mai ciwo, ta kwashe buhunan shinkafarta daga ɗaki ta shimfiɗa mini katifa. Abin da ta ce kawai, "Ka rame, Yaya." Kunyar da na ji ranar har yanzu ba ta sake ni ba. Wannan ne yake hana ni barci, ba katako ba.

Na biyar. Kwale-kwalen na ba Yurnalis kyauta tun ina raye, a gaban liman, don kada wani mai guntun karatu ya ce ba a yi wa magaji wasiyya. Amma ba zai je Padang ba. A ƙarƙashin gidan Desmawati zai zauna, daga bakin ruwanta za a tura shi. A can za a gyara shi. Guntun da aka datse yana nan, Rosmaini ta gan shi an tokare ƙofar akurkin kaji da shi. Yurnalis, ka fere bakin biyu a karkace su hau juna, ka haɗa da turakun itace, ka toshe da ƙaro mai zafi. In ka sa ƙusa ɗaya ban yarda ba. Aikin ba ya yiwuwa da hannu biyu, sai wani ya riƙe. Nofrizal ne zai riƙe, tunda ya san inda ya yanka. Inji kuwa, ko na keken ɗinki ne, kada ya sake kusantar jirgin nan.

Filafilin yana wurina, ban da jakata shi kaɗai na hau tudu da shi. Rosmaini za ta miƙa shi ga Desmawati, ta rataye shi a madafarta. Duk ran da kake son shiga ruwa, Yurnalis, sai ka taka matakalar nan, ka yi sallama, ka roƙa. Rantsuwarka ka yi mata kaffara, liman ya san hanya. Ke kuma kada ki ba shi sai ya zauna ya ci abinci.

Na shida. Fitar farko bayan gyara ku jira safiyar da babu iska. Desmawati a gaba, Yurnalis a baya, ba miji, ba mata, ba 'ya'ya. Ku kai tsakiya ku tsaya. Can ba mai jinku, ku zagi juna yadda kuke so, ni ma ku haɗa da ni. Jirgin siriri ne, duk wanda ya zabura ya miƙe don fushi ku biyun za ku sha ruwa, don haka dole a yi faɗan a zaune har ya ƙare.

Na bakwai. A binne ni a maƙabartar dangin uwata a kan tudu. Na so kusa da Yusmaniar, amma ba wurina ba ne, ba zan ta da rigima ina kwance ba. Kada ku yi mini taron da ɗaya zai zauna gabas ɗaya yamma ana kai gaisuwa kashi biyu. In haka za ku yi, ku bar wa Rosmaini ta karɓi gaisuwar ita kaɗai.

Desmawati, shigarki madafa ranar nan ta fi zarton yi mini ciwo. Na san kina tsoron bakin dangi, na san mijinki yana son ɗakin da nake kwana. Na yafe miki, duniya da lahira, ba da sharaɗi ba. Allah Ya yi muku albarka ku biyu, Ya shirya muku zuriya, Ya jiƙan mahaifiyarku, Ya sa kada ku ga abin da na gani. Ku riƙe juna, ku biyu ne kawai. Ran da ranar ƙaninki ta zo, kada ki aika kowa. Ki ɗauki tiren da kanki ki sauka Padang, ki karɓi jakarsa daga hannunsa, ki kawo shi gida. Ki ba shi ɗakin da tagarsa ke kallon ruwa.

Mahaifinku,
Anwir Sutan Mangkuto