Kwamfutar yayana tana cikin kwalla

Daga admin: wani ɗan zauren nan ne ya turo, ya ce a sakaya sunansa.

Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, musamman masu haɗa kwamfuta, amma ko ba ka san kanta ba ka daure ka karanta. Ni malamin firamare ne a Gumel, sai na shigo Kano nake ganin saƙonninku a shagon wani abokina, shi ne ma yake buga min wannan.

Yayana Sabo ya rasu farkon damina. Ranar kasuwar Maigatari ya dawo yana cewa kansa na ciwo, kafin wata kasuwar ta zagayo mun kai shi makwancinsa. Har yau ban yi kuka ba, kuma ba dauriya ba ce, abin ne kawai bai zo ba. Ina cin abinci, ina zuwa makaranta, mutane suna cewa na yi tawakkali, ni dai sai in ce to.

Aikinsa lodin manyan motoci ne a boda. Tun casa'in da bakwai ya ga ana wasa a kwamfutar wani abokinsa ma'aikacin lokal a Sule Tankarkar, mutumin Filato, shi ke nan abin ya shiga ransa, ya ce sai ya haɗa tasa da hannunsa. Ɗaya bayan ɗaya ya riƙa sayen kayan cikin, in lodi ya yi kyau ya sayo bod, wato babban allon da ake maƙala sauran kayan a jikinsa, in ya sake yin kyau ya sayo katin hoto, haka har suka kusa cika, abokin kuma ya ce zai ara masa tsohuwar monita. Saboda ɓeraye ya naɗe su a tsohon zani ya sa cikin babbar kwallar matarsa, Yaya Hajara. Abu biyu suka rage masa, kes, wato akwatin ƙarfen da ake jera kayan a ciki, da fawa-fak mai raba musu wuta.

Ranar rabon gado aka fito da babur da rediyo da buhunan gero. Da aka buɗe kwallar, Kawunmu ya ɗaga bod ɗin ya jujjuya, ya ce tarkacen rediyo ne, a ba ni tunda ni ne ɗan boko. Na ce masa Kawu, wallahi wannan ya fi babur ɗin can daraja. Suka dube ni da tausayi, wani dattijo ya ce rasuwar ce ta taɓa ni, a yi min addu'a. Ban ja ba, ba ni da ƙarfin ja, na ɗauki kwalla na kai ɗakina.

Yaya Hajara ta kusa fita takaba, iyayenta za su zo daga Gagarawa su tafi da ita da 'yarta Ummi. A da ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba, yanzu sai gaisuwa. Na je in ce mata zan dawo da kwallarta, sai ta ce daga bayan labule:

"Malam ƙarami, bar kayan a ciki har ka haɗa. Ina so in ga yana aiki kafin in tafi. Shi ne yayanka ya ce in yi haƙuri da keken ɗinki sai ya gama, wai injin sana'a ne, in ya tashi shi zai riƙe gidan."

Ba da ƙorafi ta faɗa ba. Na ce mata to.

Niyyata in haɗa, in nuna mata, in sayar, a raba yadda Allah ya ce, don rabin abin nan na Ummi ne, ko Kawu ya yarda ko bai yarda ba. Masu saye a nan Kano sun ce sai sun gan ta a kunne, in ba haka ba kuɗin gwangwan za su ba ni. Ke nan dole sai na sa mata wuta, kuma an tabbatar min in fawa-fak ya yi gardama komai na iya ƙonewa lokaci guda, ba keke, ba kwamfuta.

Kes biyu na gani, kowanne da fawa-fak ɗinsa a ciki. Ɗaya yana Maigatari wurin wani Badamagare mai kayan Kwatano, dogo ne, ƙarfe mai nauyi, da fanka biyu, ga fili a ciki, irin wanda zai iya da zafin garinmu. Shi Yaya ya zaɓa, har ya ce a ajiye masa, mutumin bai san ya rasu ba sai da na je, ya yi ta salati, ya ce har yanzu amana ce a wurinsa. Matsalar, fawa-fak ɗinsa tsoho ne, ba wanda ya san shekarunsa, akwai wani jan maɓalli a baya na wutar Amurka da tamu, kuma filoginsa biyu ne masu kama da juna, an ce in ka juya su bod ya tafi. Ɗayan yana nan Kano, sabo a kwali, samfurin ATX, filogi ɗaya ne wanda ba ya shiga a juye, amma ƙarfen kamar gwangwanin madara, fawa-fak ɗin kuma ba nauyi, abokina ya auna shi a hannu ya taɓe baki. Bod ɗin yana karɓar kowanne. Wutar Gumel kuwa kun sani, in ta zo ko dai kamar kyandir ko ta fasa ƙwan fitila, sitabilaiza ma aro zan yi.

To wanne zan ɗauka? Tsoho mai ƙwari da Yaya ya so, ko sabo mara nauyi da ba zan yi kuskuren filogi ba?

Sai abu na biyu, wanda ban faɗa wa kowa ba sai abokin nan nawa. Da na zazzage kwallar don abokina ya duba kayan, a can ƙasa na sami faifan sidi guda ɗaya, ko ledarsa ba a yage ba, na tseren mota ne. Shi kaɗai ne faifan da ya saya. Babu na buga takardu, babu na lissafi, ba wani abin sana'a. Ni na san don wasa yake haɗa ta, ban dai san abin da ya gaya wa matarsa ba sai ranar nan. Abokina ya ce zai sa min abin buga takardu, in nuna mata rubutu yana fitowa, ta tafi Gagarawa da zuciya ɗaya. Ya ce rufin asirin mamaci lada ne. Ni kuma ina ganin ita ta haƙura da kekenta, ko ba komai ta cancanci ta ga abin da ta haƙura dominsa. Jiya har na kama kaina ina tunanin in ɗauki dogon nan, in filogin ya juye ya juye, kowa ya huta. Na yi istigfari, amma ko tsoro ban ji ba.

'Yan uwa, ranar da kwamfutar ta kama, Yaya Hajara za ta zauna a tabarma da Ummi a cinyarta, ta ce in nuna mata. Don Allah ku gaya min, me zan kunna?