Jar Rigar Tahlia da Tabarau na Baba

Anti Noeleen, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure.

Babana Clarrie ya haura tamanin, yana gidan kula da tsofaffi a nan Launceston. Tun ina yarinya sha'awarsa ita ce hoto mai zurfi, irin wanda ake kallo da tabarau mai ido ɗaya ja, ɗaya kore, sai ka ga mutum kamar ya fito daga takarda. 'Yata Tahlia ta yi aure a Darwin, likita ya hana Baba hawa jirgi. Abu ɗaya ya roƙa: irin wannan hoton na jikarsa. Na ɗauko hoton da tsohuwar kyamararsa mai ido biyu, na haɗa a kwamfuta.

To, Tahlia da taurin kai, jar riga ta sa. A idon ja rigar fara fat, a ɗayan baƙa ƙirin, idanu sai kokawa suke. Ga shi na daidaita hoton da sabon tabarau ja da shuɗi, shi kuwa ya ƙi rabuwa da nasa na kwali mai kore. Ya sa, ya ce amare biyu yake gani, ya tambaya wacce ce tasa. Ya yi dariya, ni kuwa a mota na yi kuka. An ce in dusashe launin rigar, amma mahaifiyata ce ta zaɓi yadin kafin ta rasu. Me ya sa ja kaɗai ke yin haka? Kuma in na taɓa shi, ban ci amanarta ba?

Mai Jiran Amsa, Launceston

'Yar'uwa, kin sa na ari tabarau na yi ta leƙen tumatir a kicin, maigidana yana yi mini kallon wadda ta zautu. Gilashi ja yana barin ja ya wuce, kore kuma yana tare shi, shi ya sa kowane ido ke kawo nasa labarin. Amare biyun kuwa, kin ɗinka hoton ne a kan tabarau da ba nasa ba.

Kada ki yi faɗa da tsoho a kan kwalinsa. Karɓo shi aro, ki sa a fuskarki, ki rufe ido ɗaya bayan ɗaya, ki yi ta gyara launi har inuwar amarya ta biyun ta ɓace. Ki gwada a takarda, don ita zai riƙe, ba allon kwamfuta ba.

Batun riga, na fahimci zafin, kuma ba wauta ba ce. Amma ko kin bar jan, ta cikin gilashin nan ba zai taɓa ganinsa ba. Ki dusashe shi a hoton mai zurfi, ki wanke masa hoto na yau da kullum da jan mahaifiyarki yadda yake, ki ajiye a gefe. Na yau da kullum ɗin na matarsa ne, mai zurfin kuma na jikarsa.

Za ki san kin dace ranar da ya miƙa hannu zai taɓa kafaɗar Tahlia. Allah ya nuna miki, ki gaida Baba.

Noeleen