Huji Shida, Huji Takwas

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, Allah ya gajarta maka kwanakin da suka rage a gidan yari. Inna na gaishe ka. Har yau kwano uku take zuba abinci, sai na tuna mata.

Motar tsohon Hedimasta ce ta sa na rubuto, koriyar nan da ta girme mu duka. Injinta ya ƙone, na samo wani na ɗora, amma daga mota mai otomatik aka ciro shi. Shi kuwa tsoho ya rantse ba zai hau motar da ke sa wa kanta giya ba, giyabos ɗinsa na hannu yake so. To tsohon filawil huji shida gare shi, bakin kiranshaf ɗin sabon injin, wato sandar da ake ɗaure filawil a jikinta, takwas. Inna ta tambaye ni mene ne filawil, na ce faifan ƙarfe ne da kuloci ke kamawa. Ta ce in faifai ne tana da guda uku a rataye.

Sati uku ke nan motar na kan jak, ta tare ƙofar gareji, ba shiga ba fita. Kullum tsohon na kan bencinka da jarida. Yaya zan yi?

Ƙaninka, Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau. Ka gaishe da Inna da kyau.

Kada ka huda wannan filawil. Ka nemo na irin sabon injin, daga wanda ya zo da giyar hannu. Ka ƙirga haƙoransa, ka tabbata kik ɗin tayar da inji zai kama su. Ka auna kaurinsa. Bakin sandar giyabos dole ya zauna cikin ɗan boris ɗin tsakiyar kiranshaf, kada ya yi lilo, kada ya tokare. In hujin jikin giyabos bai dace da na inji ba, mai sassaƙar ƙarfe ya yanka maka faranti a tsakani. Notika sababbi za ka sa.

Ka tuna ana karanta wasiƙa kafin ta iso hannuna.

Yayanka.

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na samu filawil ɗin a wurin masu fasa motoci, na bi duk abin da ka ce. Komai ya zauna daram. Yau kwana biyar da ɗaurewa, amma na kasa murɗa makulli. Da na zauna a kujerar direba sai in tuna faifan na daidai ƙafata, in fito. Na ce wa Hedimasta batir ne, ya sayo sabo. Na ce wayar wuta ce.

Ranar Talata na ga direban motar kayan nan da aka ɗaure ka a kansa yana tsallaka titi da sanduna biyu, ƙafar wandon a naɗe. A karanta wasiƙar, Yaya, na gaji. Kai ba ka nan ranar da aka haɗa motarsa. Ni na ƙara huji a filawil ɗin don ya shiga, shi ne ya tarwatse ya yanke masa ƙafa. Ka miƙe a kotu ka ce kai ne, ina zaune a baya na yi shiru. Wata goma sha huɗu ina cin abinci a kwanon da ke kusa da naka. Zan je wurin lauya.

Ka yafe mini. Auta.

*

Auta,

Salama. Gandiroban da ya karanta ya kira ni. Na ce masa kewa ce ke damun ƙanina, ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙo mini takardar.

Ga abin da ba ka sani ba. Da na dawo ran nan na ga garin ƙarfe a ƙarƙashin injin huda, na gane abin da aka yi. Direban na gaggawa, ni kuma na yi ƙyuyar sauke giyabos. Da hannuna na ba shi makulli. Ban yi wa alƙali ƙarya ba.

In ka je wurin lauya, ba fitar da ni za a yi ba, kai za a kawo, Inna ta zauna ita kaɗai. Ban yarda ba. In dole sai ka faɗa wa wani, direban ya fi lauya haƙƙin ji.

Ka tayar wa tsoho motarsa. Aikinka daidai ne.

Yayanka.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na je gidan direban. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa. Ya tambayi lafiyarka, ya ce kullum yana yi maka addu'a, don kai kaɗai ka faɗi gaskiya a kotun.

Na sha ruwan, na yi masa sallama, na taho.

Ƙaninka.